Ranar Da Na Ce A Ba Ni Ɗiyata

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta aike ni sai ta ce "ke", in baƙi suka tambaye ta lafiyata sai ta duƙar da kai kamar an kama ta da laifi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a lokacin yabo ce ga mace. Ranar da aka yaye ni aka kai ni Mawashi wajen kakata, Iya Dije. A hannunta na yi wayo.

Iya ba ta ba da tatsuniya a banza. Bayan kaka, in an kwaso gyaɗa daga gona, sai ta jibge mana ita a tabarma bayan sallar isha'i, mu jikokinta mata biyar. Ta hura wutar kara a gefe saboda sanyi, ta tura dankali cikin toka. Hannu yana ɓara, labari yana tafiya. Hannu ya tsaya, labari ya tsaya. Tsohuwar nan akwai wayo! In ta hango wata tana jefa gyaɗa a baki, sai ta yi shiru ana tsakiyar daɗi, ta ce, "Wani ɓera ya shigo cikinmu, sai ya fita zan ci gaba." Yawanci ni ce ɓeran.

Ko buɗe tatsuniya ma tata hanyar daban ce. Sai ta gyara zama ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama." Mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma!" Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma akwai guda da na riƙe har da muryar da take maƙalewa in ta zo kan maganar tsohuwar tsamiya.

Wai a wani gari an yi wata mace, Lantana, wadda kunyarta ta yi suna har ƙauyukan kewaye. Ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Jatau. Ko kallonsa ba ta yi. Nono ma sai an kai mata shi bayan ɗakinta, ta ba shi, fuskarta tana kallon danga. Surukai sai sa albarka suke yi, suna cewa sun auro ɗiyar mutunci.

Ran nan ana girbin gero, matan gidan suka kai abinci gona, aka kwantar da jaririn a gindin wata tsamiya. Ya fara kuka. Lantana tana ji, amma surukinta yana zaune kusa, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Kowa yana jiran wani ya ɗauka. Can kukan ya ɗauke ɗif. Da aka je dubawa, zane kaɗai aka tarar.

Ashe cikin tsamiyar akwai wata tsohuwa da take zaune tun kafin a kafa garin, aikinta tsintar abin da aka yar. A nan Iya takan toshe hanci ta yi muryarta: "Na ji shi yana ta kira ba mai amsawa, na ce wanga ba shi da mai shi." Tsamiya ta tsage biyu, sai ga jarirai bakwai a jere. Tsohuwa ta ce wa Lantana ta nuna nata, ta ba ta kwana uku, in rana ta faɗi ran na uku yaro ya zama nata.

To, ina Lantana ta san fuskar ɗanta? Ranar farko ta nuna wani, ya rikiɗe ya zama kabewa. Rana ta biyu ta nuna wani, ya zama guntun icce. Mu kuwa a nan ɓarar gyaɗa takan gagare mu, Iya ma takan manta ta tsawata. Rana ta uku gari duka ya taru, surukai suna sahun gaba, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Lantana ta dubi jama'a, ta dubi tsamiya, ta yar da mayafi, ta zauna daɓas a ƙasa, ta fito da nono a gaban kowa, ta ɗaga murya:

"Jatau ɗana, Jatau nawa,
Ni na haife ka, ni ce uwa,
Zo ka sha, kowa ya gani."

Sai na can ƙarshen layi ya canyara kuka. Fuskar ce ba ta sani ba, amma kukan ta san shi sarai, shi ne wanda ta daɗe tana ji tana yin kamar ba ta ji ba. Ta zabura ta sure shi, tsamiya ta rufe bakinta, ba ta ƙara buɗewa ba.

Wayyo daɗi! Mukan tashi mu zagaye wutar muna tsalle muna "Jatau nawa", ɓawon gyaɗa yana ƙara a ƙafafunmu. Wata rana da muka lafa na matsa jikinta na ce, "Iya, to ni ma Innata ba ta kallona. Tsamiya za ta ɗauke ni?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke wa zai ɗauka da wanga cin naki? Kwana guda za ta maido ki. Uwarki tana kallonki, ta ƙasan ido take yi, ni na sha kama ta." Sai kuma ta daina dariyar, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "In kun yi naku, ku ji kunyar kowa, ban hana ba. Amma jariri in ya yi kuka, ba surukai yake kira ba." Ta tono dankalin ta rarraba mana, ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya nufi makwanci.

Iya ta rasu kafin a yi mini aure. Aka kai ni Kankiya, babban gida, surukina ɗan kasuwa ne mai jama'a. Na haifi 'yata ta fari a gidanmu, na yi wankan jego, na yi arba'in, na koma ɗakina da yarinya ɓul-ɓul, wuya duk ninki. Da yake sunan uwar mijina aka sa mata, Ummi ake kiranta.

A nan na zama Lantana ban sani ba. Al'adar gidan ita ce, da safe in an yi wa jaririya wanka, sai a kai ta ɗakin Hajiya, uwar mijina, ta wuni can tana yawo hannu-hannu. Ba mugunta ba ce, so ne, kowa yana ɗokin takwarar Hajiya. In ta yi kuka sai a jijjiga ta, a ɗura mata ruwan ɗumi da cokali, wani lokaci a lasa mata koko. Sai ta ƙi yin shiru sam ake cewa a kai wa uwar. Ni kuma ina ɗaki ko ina madafa, ina jin kukan, ƙirjina ya cika har rigata tana jiƙewa, amma ƙafata ba ta iya zuwa. Yaya za a yi in shiga ɗakin surukuwa in ce a ba ni ɗiyar fari? A ce me? Ana ta yabona kuwa. Na sha jin Gwaggo Asabe, ƙanwar surukina, tana cewa, "Yarinyar ga akwai alkunya, ko ɗaga ido ba ta yi ta dubi ɗiyar." Wallahi har daɗi nake ji, Allah ya yafe mini.

Cikin 'yan makonni ninkin wuyan nan ya tafi. Nonona ya fara ja baya, tunda ba a sha. Kukan Ummi ya koma siriri, ta fi yawan barci, aka ce ai haƙuri ne da ita kamar uwarta.

Ranar awo na kai ta asibiti. Malamar da ke awon, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗora ta a sikeli, ta dubi kati, ta sake ɗora ta. Ta nuna mini layin da ya kamata ya yi sama, ga shi ya karyo ƙasa. Ta tambaye ni sau nawa take shan nono a wuni. Na faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa. Ta cire tabarau ta dube ni.

"'Yar fari ce ko?" Na ɗaga kai. Ta ce, "Na sani. Ki saurare ni da kyau, ƙanwata. Ruwan nan da kokon nan cika mata ciki kawai suke yi, su hana ta jin yunwar nono. Har ta yi wata shida, nono kaɗai, duk lokacin da ta nema, kada ki jira sai ta yi kuka. In kika ga tana tsotsar hannu tana juya kai, ki ba ta. Yawan shan ne zai dawo miki da ruwan nonon. Yarinyar nan yadda take yanzu, in zawo ya same ta, ba ta da jikin da za ta jure."

Na koma gida. Na yi niyyar gaya wa Hajiya a daren, na je har bakin ƙofarta, na gaishe ta na juyo. Na gaya wa mijina, ya sosa ƙeya ya ce shi ma ai ɗiyar fari ce a wajensa, da wane baki zai yi maganar, amma zai nemi dabara. Kwana biyu ana neman dabara.

A rana ta uku dangi suka zo daga Tafashiya gaishe da Hajiya, mota guda, ɗakinta ya cika maƙil da manyan mata. Ina madafa ina tuƙa tuwo na ji kukan Ummi, siririn nan, yana yi yana yankewa. Na ji Gwaggo Asabe tana cewa a miƙo mata kofi da cokali. Na tsaya da muciya a hannu. Ban yi tunanin malamar asibiti ba, ban yi tunanin kati ba. Muryar nan ta toshe hanci ce ta faɗo mini, wai wanga ba shi da mai shi. Raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushin. Na saki muciyar cikin tukunya.

Na yi sallama na shiga, hannuna duk gari. Na tsallake ƙafafun mutane har gaban Gwaggo, cokali yana dab da bakin yarinyar. Na ce, "Gwaggo, ku ba ni ɗiyata."

Wata ta saki salati. Gwaggo Asabe ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗiyarki? Yau na ga abin da ya ishe ni! A gaban surukai?"

Na ce, "Yunwa take ji, Gwaggo." Na karɓe ta. Na san in na fita da ita, gobe ma haka za a koma, don haka ban fita ba. Na zauna nan tsakiyar tabarma, na juya mayafina, na sa ta a nono. Ummi ta kama da ƙarfin da ban san tana da shi ba, kowa yana jin haɗiyarta. A karo na farko na dube ta a gaban mutane, na ƙare mata kallo son raina. Na gaya musu abin da aka ce a asibiti, ban rage komai ba, idona yana kan yarinyar.

Gwaggo ta juya wajen Hajiya tana jiran hukunci. Ni ma shi nake jira. Hajiya ta dube ni, ta dubi yarinyar. Can ta jawo matashin da take jingine da shi, ta turo mini ta ce in tokare hannuna. Ta ce wa Gwaggo, "Asabe, mayar da cokalin nan. A duba tuwon can kar ya kama, a dama mata kunun kanwa."

Da baƙi suka tafi ta kira ni, na tsuguna ina jiran faɗa. Ta ce, "Kin san mijinki ba shi ne na fari ba? Akwai wani kafin shi. Watansa uku ya rasu." Ta murza carbinta. "Ina jin kukansa daga ɗakin uwar mijina. Na so in yi abin da kika yi yau, ban iya ba."

Daga ranar Ummi ta dawo bayana. In Hajiya tana son ganin takwararta, ni da ita muke zuwa. Mako guda nono ya dawo har yana zuba. Awo na gaba layi ya ɗago kai, na bayansa ya miƙe sama. Malamar ta ɗaga yarinyar tana juya ta tana cewa, "Kai, wannan buhun fa? Me kika ba ta?" Na ce nono. Na fito asibitin nan ina tafiya kamar ni na gina shi, na biya kasuwa na sayo wa Hajiya goro.

Yau Ummi ta fi ni tsawo, bakinta kuwa sai dai a yi haƙuri. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Iya zagin kunya take yi, sai da na girma na gane ba haka ba ne. Har gobe ba na kiran sunan surukina, ba na cin abinci a gaban Hajiya, kuma ina son abina haka. Abin da Iya ta gani shi ne, duk kunyar da muke yi babba ne yake karɓar yabonta, ban da wannan guda, wadda jariri yake biya da cikinsa.

Bara matar ƙanin mijina ta dawo daga wankan haihuwar fari, tana sunkuyar da kai, ta ajiye jaririn a gaban Hajiya za ta sulale. Hajiya ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ta cafke gefen zanenta. Gwaggo Asabe tana zaune a wajen, ita ce ma ta matsa ta ba da wuri.

Hajiya ta ce, "Ina za ki? Dawo ki zauna ki ɗauki ɗanki. Mu nan gidan mun daina."