Kyarkeci Mai Cin Kan Kifi

Tun ina saurayi nake aikin gyaran kifi a kasuwar bakin teku a Jidda, amma sai da furfura ta leƙo gemuna na shiga ajin manya a unguwar Waziriyya. Bayan la'asar muke zama a wani ɗaki bayan shagon tela, ana koya mana Larabci da boko. A shekarar da nake magana, ina iya karanta allon shago in dai mota ba ta cika gudu ba.

Wata Alhamis autata ta dawo daga makaranta da littafin aro. Ta ɗora mini shi a cinya, ta tsaya tana murɗa bakin hijabinta.

"Baba, ƙawata ta ce babanta yana karanta mata littafi. Ni ma na ce kana karanta mini."

"To ai ƙarya kika yi, auta."

"Kafin Lahadi ba ta zama ƙarya ba tukuna. Lahadi ake mayar da shi. Yalla, maza buɗe."

Na buɗe. Larabci ne mai wasali, Allah ya taimake ni, ga hotuna manya-manya. Labarin kyarketai ne da ke zaune a wani daji mai nisa, a gaɓar teku mai sanyi. Uwar auta ta leƙo daga kicin ta ce wannan ai kare ne da bai samu ubangida ba.

Na fara. Itatuwan dajin sun fi benayen unguwar Safa tsawo, gansakuka ta lulluɓe ƙasa da duwatsu kamar koren kafet na masallaci. Matsalar ita ce, kafin in kama kan kalma, auta ta riga ta kai wutsiyarta. Sai na rufe littafin.

"In ke ce ke karantawa, abin da kika gaya wa ƙawarki yana nan a ƙaryarsa."

Ta turo baki. Uwarta ta miƙo mata dabino ta ce ta cinye, ta riƙe ƙwallon a baki, kada ta fitar sai na kai ƙarshen shafi. Dabarar ta yi aiki har zuwa inda na karanta cewa a dajin nan ana ruwan sama kusan kullum. Nan ƙwallon ya faɗo kan tabarma.

"Kullum? Ashe yaran can ba sa zuwa makaranta!"

Ba laifinta ba ne. A garin nan hadari yana haɗuwa saƙo zai shigo waya cewa gobe babu karatu. Uwarta kuwa ambaliya ce ta dame ta, tana tambayar inda dabbobin ke gudu in ruwa ya cika hanya. Na lalubo amsar a layi na gaba: ƙasar dajin tana shanye ruwan, ƙoramu su kai sauran teku. Ta ce Allah ya kawo wa lungunmu irin wannan ƙasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ci gaba. Kyarketan nan suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, kansu kaɗai ake gani a saman ruwa. In teku ta janye, su bi gaɓa suna tonon abin da ta bari. Jariransu suna kwana a rami ƙarƙashin saiwar babban icce, babba ɗaya ya tsaya gadi, sauran su tafi farauta. In sun dawo sai su amayo abin da suka ci su ba yaran. Auta ta yamutsa fuska da ƙwallo a baki. Na ce ta gode wa Allah ni a leda nake kawo nawa.

Asabar da hantsi saura shafuka kaɗan, na zo wurin da ya kusa ɓata mana komai. An ce akwai lokacin da wani kifi mai jan nama, salmun, yake hawowa ƙoramu don ya yi ƙwai. Kyarkeci ya tsaya a ruwa marar zurfi ya cafke shi, kuma sau da yawa kan kawai yake ci, ya bar wa tsuntsaye sauran.

Auta ta kalle ni ido cikin ido. Kusan kullum ina dawowa da kawunan kifin da masu saye suka bari, a yi mana farfesu, ita kuwa ta rantse ba ta cin abin da ke kallonta.

"Wallahi, Baba, kai ka ƙirƙira! Ba karatu kake ba!"

Ta fizge littafin. Ban hana ta ba, don ni kaina sai na fara shakkar ko cikina ne ya karanta ba idona ba. Ta bi layin da yatsa, leɓenta na motsi. Ta sake bi. Sannan ta mayar mini da shi a hankali, a buɗe, daidai inda na tsaya. Uwarta tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki.

A shafin ƙarshe wata doguwar kalma ta tare ni. Na taɓa ta ta gaba, na taɓa ta ta baya, ta ƙi. Ina jin numfashin auta a kafaɗata, ta zauna a kan hannayenta, tana jira na. Can kalmar ta buɗe, kyarketan suka taru a kan dutse suna kiran juna, littafi ya ƙare.

"Halas, an gama," in ji auta. "Gobe zan sake gaya mata kana karanta mini."

"Za ki gaya mata yadda nake karantawa?"

"Zan ce kamar mota a cunkoson kasuwar Bab Makka ana gobe Salla. Amma tana isa."