Kofin da Baba bai iya mayarwa ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, amma wallahi sai bana na fara jin tsoron abin da ya tafi da shi. A waya nake rubuta wannan.

A layinmu na Limancin Kona, Baba ne mai addu'a. Suna, walimar sauka, ɗaurin aure, shi ake kira. In ya shafa fatiha, shi ake fara miƙa wa kofi, kunun zaƙi ko fura da zuma, a ce, "Malam, a sa mana baki don albarka." Ba mai sha sai ya sha. In ya rage kuma, mai gida ya ji ba daɗi. Wata Asabar ɗin gida huɗu yake shiga.

Likita ya daɗe da gaya masa yana da ciwon suga. Ba rashin sani ba ne. A gida ko shayi lami yake sha. Amma ya hana mu faɗa wa kowa. Yana tsoron a ce Malam ya raina abin hannun mutane, yana kuma tsoron a ce ciwon gado ne a gidanmu, masu neman ƙannena su janye.

Na taɓa tare shi a zaure.

"Baba, ka ce musu likita ya hana mana."

"Kai ɗan boko! Baiwar Allah ta tashi tun asuba tana dama kunu, in ce mata me? Kofi ɗaya ne."

"Gida huɗu fa, Baba."

Ya yi dariya. "To je ka kai ƙarata wurin likitan."

Wurin likitan ma Baba ya daina zuwa, tun ranar da wani maƙwabci ya gan shi a layin masu suga a asibiti. Da ƙafarsa ta yi gyambo, safa ya riƙa sawa. Warin ne ya sanar da Inna, mahaifiyarmu. Lokacin an makara.

Yau mutane na ɗora sakamakon gwajinsu a waya kowa ya gani, har ƙungiyoyi gare su. Ina tambayar kaina, da Baba na nan, zai saki jiki? Anya. Ina jin cewa zai yi ba su da kunya, ya je ya karɓi kofinsa.

A da ina jin haushinsa. Yanzu bakina ya mutu. Sati uku ke nan da aka gwada ni aka ce ni ma ina da sugan. Ban gaya wa Inna ba. Ban gaya wa Sadiya da za a ɗaura mana aure bayan sallah ba. Ran Juma'a na je gaishe da iyayenta a Ƙofar Gayan, babarta ta kawo zoɓo mai zaƙi, na shanye tas, har da cewa ya yi daɗi. Da na fito, ƙafata na tsaya ina kallo.

Baba ya bar mana suna mai kyau, har gobe ana yi mana alheri saboda shi. Ya bar mini kunyarsa ma, kuma ita nake tsoro fiye da sugan.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Yau bayan la'asar zan kira Sadiya. In ta fasa, ta fasa. Ina son ƙafata.