Akwatin da Malam Labaran Ya Naɗa wa Fadima

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Yuli, 1992, Allah ya karɓi ran Malam Labaran, mai naɗin taransifoma a Wuse, bayan gajeruwar jinya. Ran Alhamis kuma 'yata Fadima ta sauka lafiya, na samu jika namiji. Da wannan farin cikin nake rubuta ta'aziyyarka, Malam, domin da hannunka a ciki.

Ni direba ne a ma'aikata. Da gwamnati ta taso daga Legas, na taso da iyalina, har da Fadima, wadda aka bar mijinta can yana jiran canjin wurin aiki. Tana da juna biyu, ga ciwon suga. Likita ya ce allurarta ba ta son zafi, in ta lalace uwa da ɗa suna cikin haɗari. Ga bazara ta kawo kai, mu kuwa ba mu da firji sai wani ƙarami na cikin mota da oganmu ya ba ni.

Na kawo maka shi domin ka sa ya yi aiki da wutar gida. Da ɗan karatun da na samu a ajin yamma na nuna maka inda aka rubuta bolt sha biyu, na ce ai abu ne mai sauƙi. Ka ce haka ne, ƙarfin wutarsa kaɗan ne, amma yana zuƙarta da yawa, siririyar waya narkewa za ta yi. Ka naɗa taransifoma da waya mai kauri, ka sa mata fis mai katse wuta in ta yi yawa, ka haɗa da batirin mota domin ya riƙe in an ɗauke wuta. Duka ka sa su a akwatin katako mai huje-huje.

Na matsu in ɗauka, ka hana. Al'adarka ce ba ka sakin aiki sai ya wuni yana gudu a shagonka, kana dafa shi da bayan hannu don ka ji zafinsa. Ka ce mini, "Direba, in hannunka ya kasa zama a kai, kashe ka zo ka kira ni."

Ban taɓa kiranka ba, kai kake zuwa. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ka biyo, ka dafa akwatin, ka duba ruwan batir, ka tambayi Fadima jiki. Ita kuwa Baba take ce maka. Ko da ciwo ya kwantar da kai, da na je dubiya, akwatin ka fara tambaya.

Allurar ba ta taɓa lalacewa ba. Yau da safe na dafa akwatin da bayan hannu kamar yadda ka koya mini, ɗumi ne kawai. Mahaifin yaron ya iso daga Legas, ya ce sunanka za a raɗa masa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Malama Rakiya da 'ya'yanka. Allah ya ba su haƙuri, ya raya mana ƙaramin Labaran.