Fis Na Huɗu

Wata rana a tsakiyar watan Afrilu, irin ranar da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, esin shagon da nake aiki ya tsaya.

Shagon atamfa da leshi ne. Esi uku gare mu. Na tsakiya ne ya mutu.

Mai shagon matashi ne. Ba zan faɗi sunansa ba, bai kai ba.

Ya iya sallama. Ya iya turare. Ya iya kiran sunan mutum a hankali. Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da in ya shigo nake rufe littafin da nake karantawa a ƙarƙashin kanta, in gyara zaman mayafina.

Allah ya yafe mini wannan ɓata lokacin.

Ya kira mai gyaranmu, Baba Halliru. Dattijo ne, ya haura hamsin, ya fi shekara ashirin yana sanyaya wa mutanen garin nan ɗakuna. Ina tsaye kusa, ina jin muryarsa ta cikin wayar.

Ya roƙi a bari sai bayan la'asar. Ya ce a wannan watan ba sa hawa rufi da tsakar rana, sai da sassafe ko in rana ta karya.

Mai shago ya ce ba zai yiwu ba. Masu haɗa lefe za su zo ƙarfe biyu, manyan mata ne, ba sa son zafi.

Kamar akwai wanda yake so.

Ƙarfe ɗaya Baba Halliru ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, jakar kayan aiki a rataye, tawul a wuya.

Bai fara da esin ba. Allon wuta ya nufa, ya zare fis guda uku, fararen nan na tangaran da ke ba kowane esi wuta, ya zuba su a aljihun gaba.

Mai shago ya ce, “Baba, ɗaya ne fa ya lalace.”

“Na sani, Alhaji. Amma muddin ina sama, duka ukun a mace suke. Da hannuna na cire, da hannuna zan mayar.”

Sai ya juyo gare ni. “’Yata, taimaka mini da ruwa a bokiti. Rabi nawa, rabi na sifana.”

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Ashe ba wasa ba ne. Ƙarfen da ya yi minti biyar a kan rufi ba ya riƙuwa, sai an tsoma shi a ruwa.

Ya jiƙa tawul ɗin, ya naɗa a kai a ƙarƙashin hula. Ya ce, “Mu ne masu sanyi, amma ba mu san ɗanɗanonsa ba. Da ya fara hurawa an sallame mu.”

Ya zagaya bayan gini, ya hau tsani.

Na taɓa leƙa rufin nan sau ɗaya. Siminti ne zalla, babu inuwar ko sanda. Injunan esin duk shagunan layin a jere suke a can, kowanne yana feso iska kamar daga bakin murhu.

Mutane da yawa ba su san wannan ba. Sanyin da kake ji a ɗaki ba daga sama yake saukowa ba. Zafin ɗakin ne ake kwashewa a tura waje.

Kuma ranar, a wajen nan akwai mutum.

A cikin shago kuwa, mai gidanmu ya fara shan wahalar duniya.

Minti goma, ya cire hula.

Minti goma sha biyar, ya ɓalle maɓallin wuya, yana fifita da kwalin takalmi, yana tsaki.

Mutumin da ke ƙarƙashin silin, da ruwan sanyi a hannunsa.

Sai ga masu lefe, sun zo kafin lokaci. Su huɗu. Babbarsu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga gira.

“Wai nan shago ne ko gidan burodi?”

Sauran suka yi dariya. Na ga fuskar mai shago ta canja. An taɓa shi a inda yake jin ciwo.

Ya wuce allon wuta. Ya zare fis ɗin fitilun sito, ya cusa shi a gurbin esi na farko.

Na ce, “Yallaɓai, Baba yana sama.”

“Na tsakiya yake gyarawa. Wannan lafiyarsa ƙalau. Miƙo rimot.”

Ban miƙa ba. Ya ɗauka da kansa, ya danna.

Duk wanda ya zauna da esi ya san injin waje ba ya tashi nan take. Sai ya yi kamar minti uku.

Na fita a guje.

Na zagaya bayan gini ina kiran Baba Halliru. Janaretocin maƙwabta uku suna ruri a lungun, ni kaina ba na jin muryata. Na kama tsanin, ya ƙona mini tafin hannu. Na tattare abaya, na taka ɗaya, biyu, uku, huɗu.

A na huɗun na ji ƙarar Baba.

Ga abin da mai shago bai sani ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Mai gyaran da ya hau rufi a irin wannan zafin ba ya son ya hau sau biyu. In ya gama da mai ciwon, sai ya buɗe sauran ya kakkaɓe musu ƙura, ya cire ledar da ta maƙale, don kada a sake kiransa jibi. Shi ya sa yake cire fis duka.

Baba Halliru ya gama da na tsakiya. Ya buɗe na farko. Hannunsa na dama yana tsakanin fuka-fukan fankar lokacin da ta tashi.

Da hannu ɗaya ya sauko. Har yau ban san yadda ya yi ba. Ya naɗe ɗayan da tawul ɗin kansa, tawul ɗin ya riga ya rine.

Na ce mu tafi asibiti. Ya ce tukuna.

Ya shiga shagon. Esi na farko yana hura sanyinsa, matan sun zauna, an baje musu leshi a kan kanta. Suna ganinsa suka miƙe da salati.

Ya sa hannun hagu a aljihu, ya fito da fis ɗin, ya jera su a kan kanta ɗaya bayan ɗaya.

“Uku na cire. Ga uku. Na huɗun na waye?”



Sai mai shago ya yi wannan muryar tasa mai laushi. “Haba Baba, sai haƙuri. Ƙaddara ce. Allah ya riga ya rubuta.”

Baba Halliru ya dubi hannun mai shago.

“Na yarda da ƙaddara, Alhaji. Ban dai san ita ke riƙe da rimot ba.”

Rimot ɗin yana hannunsa. Ko ajiye shi bai tuna ya yi ba.

Kun san abin da ya yi bayan nan?

Ya miƙa hannu a hankali, ya janye bandirin leshin da ke kusa da gwiwar hannun Baba, kada jini ya ɗiga a kai.

Na ga wannan da idona. Duk turaren da ke jikinsa, a lokacin nan wari na ji.

Ni da maƙwabcinmu mai sayar da takalma muka sa Baba a adaidaita. Mai shago bai biyo mu ba, yana da baƙi.

A asibiti likita ta duba, ta ce manuniya ba za ta tsira ba. Yatsan tsakiya za a ɗinke, a jira a gani.

Bai tambayi ciwo ba. Bai tambayi kwana nawa zai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi.

“Likita, zan riƙe sifana?”

Ta ce sai an kwance bandeji an gani.

A nan ne na ga idonsa ya kawo ruwa. Ba a rufi ba, ba a shago ba. A nan.

Can sai ga matarsa, Inna Yalwa. Ta fito a gigice, da garin tuwo a gefen zaninta. Na ɗauka za ta kurma ihu.

Ba ta yi ba.

Ta tsaya ta dubi hannun da aka naɗe, ta daɗe. Sannan ta zagaya ɗaya gefen gadon, ta zauna, ta ɗauki hannunsa na hagu, ta juya shi gaba da baya kamar mai taya kaya a kasuwa.

“To, Malam. Wannan shekara hamsin yana hutawa, yana kallon ɗan’uwansa yana wahala. Yanzu layinsa ya zo.”

Ya yi dariya, hawayen na gangarowa. “Yalwa, wannan ko cokali bai iya riƙewa ba.”

“Zai koya. Kai ma da na same ka me ka iya?”

Na karanta littattafan soyayya ba su ƙirguwa. Ban taɓa karanta layin da ya kai wannan ba. Fita na yi na tsaya a baranda, don ba nawa ba ne in kalla.

Na san kuna jiran in ce shagon ya ƙone, ko masu ciniki sun gudu.

Babu abin da ya same shi.

Kafin magariba wani mai gyaran ya hau ya rufe injunan. Matan sun dawo washegari, sun haɗa lefensu cikin sanyi. Mai shago yana nan, yana sallama mai daɗi, yana turare. Ni ce dai ban ƙara sati a wurin ba.

Bayan wata biyu na bi ta rumfar Baba Halliru.

Ya daina hawa rufi, tsani yana son hannu biyu cikakku. Firiji yake gyarawa a ƙasa. Na same shi a durƙushe bayan wata tsohuwar firiza, sifana a hannun hagu. Ta suɓuce ta faɗi. Ya ɗauka. Ta sake suɓucewa. Ya sake ɗauka.

A karo na uku notin ya juya.

Ya ɗago ya gan ni, ya ɗaga hannun sama yana murmushi.

“’Yata, ki shaida. Malalacin ya fara aiki.”

Darasi:

Kada ku auna mutum da yadda yake gaisuwa a cikin sanyi. Ku bari zufa ta karyo masa na minti ashirin, ku ga wa zai fara sadaukarwa.

In mai sana’a ya ce kada a taɓa, kada a taɓa. Ba iko yake nuna muku ba, jikinsa ne a ciki.

Kuma abin da yatsanka ya danna, kada ka kira shi ƙaddara. Ka ji kunya.

Ku tura wa duk wanda zai kira mai gyara a wannan zafin. Ku tura kafin ya kira.