Ɗigo uku a zanin Mama

Ina tura hotunan wani dattijo, Baba Yohanna, daga wayarsa zuwa kwamfutata jiya a shagona na Kakuri, sai na ga abin mamaki. Duk hotunan zannuwa ne a jikin mata, babu fuska ko ɗaya.

Na ce, "Baba, ai waɗannan duk sun lalace, kun yanke musu kai. In goge?"

Tsohon nan ya riƙe hannuna gam. "Kul, ɗana! Buɗe wancan, ka ƙara masa girma."

Na ƙara. A tsakiyar furen atamfar akwai ɗigo uku ƙanana a jere. Na buɗe wani hoton, ga su nan. Na buɗe na uku, haka.

Ya ce, "Ni na zana su lokacin da nake aiki a masaƙa. Ba a sa sunan mai zane, shi ya sa nake ɓoye 'ya'yana uku a ciki."

Ashe tun da aka rufe masaƙar, duk inda ya ga tsohuwa da zanensa, a coci ko wurin biki, sai ya roƙe ta ya ɗauka. Yanzu idonsa ya fara rauni, wayar kuma tana neman mutuwa.

Da na koma gida, na buɗe akwatin marigayiya mamata, na ɗauko zanin da ta goya ni da shi. Jama'a, ɗigo uku!

Ku duba tsofaffin zannuwan gidanku, ku gaya mini abin da kuka gani.