Fatalwar Madam Samira

A duk shekarun da na yi a shagonmu na unguwar Al Rigga, akwai ranar da ta ƙi fita daga raina, kuma ina so ku sababbin zuwa ku ji labarinta. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne juyar da tsofaffin kaset da finafinan majigi zuwa kwamfuta. A lokacin ni ke kula da injin da ke ɗaukar hoton fim ɗin majigi.

Wata safiya wata dattijuwa 'yar Masar, Madam Samira, ta shigo rungume da gwangwanayen fim. Ina buɗe na farko warin tsami ya buge ni, alamar fim ya fara ruɓewa ke nan. Mudir, wato manajanmu, ya duba ya ce, "Ishaku, sau ɗaya wannan zai iya bi ta inji. In ya dagargaje, khalas, shi ke nan."

Na tambaye ta me ke ciki. Ta ce fim ɗin ban tsoro ne na shekarun 1950, irin na masu ƙaramin ƙarfi, wanda ko a sinima bai daɗe ba.

"Mahaifiyata ce fatalwar," in ji ta. "Ta rasu ina goye. Ban taɓa ganin ta tana motsi ba."

Ƙa'idar aiki ita ce a warware fim da hannu tukuna, a liƙe duk inda ya tsage, a goge, sannan a ɗora. Haka na bi shi taku-taku, na rage gudun inji iyakar ragewa, ina addu'a. Allah ya taimake ni, ya wuce lafiya.

Ranar da ta dawo muka kunna mata. Gaskiya fim ɗin abin dariya ne: kabarin kwali, jemagen roba da zarensa a fili. Mudir sai danne dariya yake yi. Can sai wata ƙofa ta buɗe, mace ta fito cikin farin mayafi, tana tafiya kamar ruwa ne ke ɗauke da ita. Ta tsaya, ta juyo a hankali, ta kafe mu da ido. Mudir ya daina dariya. Komai na fim ɗin nan ƙarya ne, amma ban da idanun nan.

Madam Samira ta miƙe, ta je ta ɗora tafin hannunta a kan allon.

"Ashe doguwa ce," ta faɗa da ƙyar. "Kowa ya ce mini kyakkyawa ce, ba wanda ya ce mini doguwa ce." Ta juyo gare ni. "Ɗana, dawo mini da ita."

Na mayar da fim ɗin baya, na dawo da ita. Har la'asar ina dawo da ita, Mudir kuwa bai ce a karɓi wani aiki ba.

Tun daga ranar na daina auna aiki da kyan fim ko muninsa. Duk abin da aka miƙo muku a kantar shago, kafin ku taɓa shi, ku tambayi mai shi: wa ke ciki?