Murar da ta bar tsoffi da shinkafa

A garinmu kusa da Goronyo, idan sanyi ya shigo, bayan sallar lisha ɗakin kakarmu Hajo muke taruwa. Takan hura wuta da kara, ta tura mana dankali cikin toka, mu kuwa mu miƙe ƙafafu muna jira. Yawanci tatsuniya take yi mana. Amma ran da ƙanena ya kwana yana tari, sai ta ba mu labarin abin da ta gani da idonta.

Ta ce tana ƙarama wata mura ta zo, wadda tsoffi ke kira marisuwa. Ba ta bi raunana ba. Masunta masu ƙarfin tuƙa jirgi a gulbin Rima, da matan da ke kai faifan fura kasuwa a ƙafa, su ta riƙa kayarwa. Mutum ya fita gona da safe, kafin jibi an yi masa sutura. Babanta ma a ciki ya tafi.

"Kun san mi ta bari?" in ji ta. "Mu ƙanana, da tsoffin da ba su da haƙori. Shinkafa ta nuna cikin fadama, babu mai yanka. Kakana shina rarrafe da lauje, mu muna bin shi muna ɗauri. Haka munka ci abinci shekaran nan."

Na girma da labarin a raina. Shi ya sa da aka fara zancen korona, ɗana Sani na fara yi wa tsoro. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, yana kabu-kabu tsakanin Wurno da Marnona. Na sa shi ya jingine babur, har muka yi faɗa.

"Baba, rediyo ta ce tsoffi cutar ga taka nema," ya ce. "Kakata Inna za ka tsare, ba ni ba."

Ban saurare shi ba. Ana nan sai mahaifiyata Inna, ɗiyar Hajo, ta kwanta da zazzaɓi, numfashi yana yi mata wuya. Sanin da na kulle a gida shi ya goya ta ya ɗora kan babur, na riƙe ta daga baya har asibiti. Shi ya riƙa jinyarta, ko atishawa bai yi ba. Har yau ban san ko korona ce ta kama ta ba. Na dai san wata safiya ta buɗe ido ta tambaye mu wa ke ba albasarta ruwa. Sani ya yi dariya, ni kuwa na fita waje don kada su ga hawayena.

Da ina zaton Hajo tana nuna mana wanda annoba ke ɗauka ne, don mu tsare shi. Yanzu na gane kowace annoba da nata zaɓin, ba a saninsa sai ta zo. Abin da take so mu riƙe shi ne, duk wanda aka bari a tsaye, tsoho ne ko yaro, shi ke da aikin. Inna tana nan da ranta, kuma har gobe Sani kaɗai take yarda ya ɗauke ta a babur.